Marigayi Seyni Kunce: ɗan ƙauyen manoma da ya tafi soja

 A wannan fitowa mun ga ya dace mu kawo muku tarihin marigayi Janar Seyni Kunce, wanda ya riƙe Nijar daga 1974 zuwa 1987. Shi ba ɗan Gaya ba ne, Bazabarme ne daga arewa da mu. Amma duk wanda ya taɓa zama wurin sasanta rikicin gona a ƙasar Dandi ya san sunansa ba ya rasa fitowa. Wani zai kafa hujja da cewa tun zamanin Kunce gonar take hannun ubansa, wani kuma ya ce a zamanin Kunce ɗin ne anka raba gidansu da ita. Yaranmu da anka haifa a Kwatano da Legas da Birnin Kabi kuwa, iyakar abin da sunka sani shi ne akwai babban filin ƙwallo mai sunansa a Yamai.

An haife shi a 1931 a Fandu, ƙasar Tondikandiya, cikin gundumar Filinge. Garin yana kwarin Dallol Boso, kwarin nan da ke gangarowa kudu har ya faɗa kogin Isa a Bumba. Gidansu gidan sarauta ne, dangin Zarmakoy na Tondikandiya. Sai dai sarautar ƙauye ta wancan zamani ba ta raba mutum da gona. Abin da talaka ke ci shi ɗan sarki ke ci, wato hatsi da wake da ake nomawa a jigawa da doguwar hauyar nan ta noman tsaye. Ruwan da suke samu a shekara kusan rabin namu ne, mu da muke samun wajen milimita 800. Inda mu ke da rogo da rake da shinkafar fadama da za mu fake da su in hatsi ya ƙi, su damina ɗaya ce tak, in ta ɓaci shekara ta ɓaci.

Shekarar da anka haife shi kuwa ta ɓaci ƙwarai. Fara ta sauka a yammacin Nijar ta cinye amfanin gona, ruwa ya yi ƙaranci, Nasara kuma bai sassauta karɓar haraji ba. Yunwar 1931 ta kashe mutane masu yawa a ƙasar Zabarma, garuruwa sunka watse, jama'a sunka nufo kudu neman abin kaiwa baki. Wasu gidajen da yau muke ɗauka na nan ne tun fil azal, kakanninsu a wannan gudun sunka zo. Yaron da ya tashi a Fandu bayan wannan shekara, labarin yunwa shi ne tatsuniyarsa ta dare.

Ya fara karatun boko a Filinge. Yana ɗan yaro anka ɗauke shi zuwa makarantar 'ya'yan soja ta Kati, kusa da Bamako, daga nan kuma San-Luwi ta Sanigal. A irin makarantun nan Faransa ke tarbiyyar yaran da take so su zama ƙananan hafsoshinta: a tashi da ƙaho, a kwanta da ƙaho, kuskure kaɗan horo mai yawa. Waɗanda daga baya sunka yi mamakin tsananinsa game da zuwa aiki kan lokaci, da sun duba inda ya girma da mamakin ya ragu. A 1949 ya sa hannu ya shiga sojan Faransa. An kai shi yaƙin Indoshin, ƙasar da yanzu ake kira Biyetnam da maƙwabtanta, inda Faransa ta sha kashi a 1954. An kuma kai shi Aljeriya. A 1957 yana da muƙamin sarzan.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin hanyar da ya bi ita ce hanyar da iyaye da kakannin wasunmu sunka bi. Babu yankin Nijar da Nasara bai ɗebi samari ba, a yaƙin 1914 da na 1939, sannan Indoshin da Aljeriya. Mafi yawansu ba su zama hafsoshi ba. Sun dawo gida da tsohuwar riga da lamba a ƙirji da 'yar Faransanci ta bariki, sunka ɗauki hauya sunka koma gonar gado. Mun san su a garuruwanmu: su ne ake kira in takarda ta zo daga kwamanda, su ne ke tsayawa a sahun gaba ranar bikin ƙasa. Abin da anka yi musu kuwa bai yi kyau ba. A ƙarshen 1959 Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da za su sami 'yanci, wato abin da mutum ke karɓa a ranar shi zai ta karɓa, komai tsadar rayuwa. Bafaranshen da sunka kwana rami ɗaya da shi nasa na ƙaruwa kowace shekara. Ba a daidaita su gaba ɗaya ba sai a farkon 2011, bayan kotun tsarin mulkin Faransa ta ce bambancin haramun ne. A lokacin 'yan ƙalilan ne sunka rage da rai.

Kunce shi bai koma gona ba. An tura shi makarantar hafsoshi ta Farejus a kudancin Faransa. Da Nijar ta sami 'yanci a 1960, anka kafa rundunar sojanta a 1961, yana cikin waɗanda sunka baro Faransa sunka shigo ta. Ya koma Paris ƙarin karatu a 1965 zuwa 1966, ya dawo ya zama mataimakin shugaban hafsoshi, a 1973 kuma anka ba shi shugabancin rundunar duka. Duk tsawon shekarun nan mutanen gari ba su san shi ba. Siriri ne, mai ƙarancin fara'a, ba mai son taro ba.

Fari ne ya fito da shi. Tun 1968 ruwa ke ja da baya, a 1973 abin ya kai maƙura. Dabbobin arewa sunka mutu, Buzaye da Fulani da manoman Zarmaganda sunka cika sansanin Lazare a bakin Yamai. Mu nan kudu ba mu sha irin wahalarsu ba, amma mun ga garkunan da sunka gangaro neman ciyawa a bakin kogi, mun kuma ga ana sai da saniya a kuɗin da bai kai na buhun dawa ba. Ƙasashen waje sun aiko da abinci. Mafi yawansa ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano yake shigowa, jirgin ƙasa ya kai shi Faraku, manyan motoci su haye gadar Malanbil su ratsa Gaya su yi arewa. Ganin buhuna na wucewa kenan, amma a ƙauyuka da yawa ba su isa ba, zancen da ya cika ƙasa shi ne wasu manyan jam'iyya mai mulki suna ɓoye abincin suna sayarwa. Sojojin da anka sa aikin rabo sun ga abin da idonsu.

Daren wayewar 15 ga Afrilu 1974 soja sunka kifar da gwamnatin Jori Hamani, wanda ya mulki ƙasar tun samun 'yanci. An zubar da jini, uwargidan shugaban, Hajiya A'isa, tana cikin waɗanda anka kashe a fada. Anka rushe majalisa, anka hana jam'iyya, anka kafa majalisar ƙoli ta soja, Laftanan-kanar Seyni Kunce a kanta, yana da shekara 42. Kafin shekarar ta ƙare ya sa sojojin Faransa da ke zaune a Yamai sun tattara sun tafi, shi da ya yi wa Faransa yaƙi biyu.

Abin da ya fara yi shi ne abin da ya sa talakawa sunka karɓe shi. Anka buɗe ɗakunan ajiya, anka tara motocin gwamnati da na 'yan kasuwa, soja sunka kai hatsi har inda hanya ta ƙare. Anka raba iri, anka mai da mutanen sansani garuruwansu kafin ruwan shuka. Damina ta 1974 ta yi dama-dama. Wanda ya ci tuwo a wannan shekara bayan ya fid da rai, ba ka iya zagin Kunce a gabansa har ya mutu.

Yanzu ga maganar da ta fi shafarmu. Ranar 18 ga Disamba 1974, ranar bikin jamhuriya, ya yi jawabi a rediyo ya sanar cewa duk gonar da mutum yake nomawa a wannan rana za ta ci gaba da zama a hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta tun farko. Nufinsa a fili yake. Akwai mutane da yawa, baƙi da 'ya'yan bayin da da waɗanda yunwa ta koro, da ke noman gonakin aro shekara da shekaru, suna kai wa mai ƙasa dami a kowace kaka, kuma ana iya tashinsu duk ranar da anka ga dama. Tun zamanin Jori an yi dokokin rage ikon sarakuna a kan filaye, amma ba su yi ƙarfi ba. Maganar Kunce kuwa ta yi ƙarfi, saboda kowa na tsoron mai maganar.

Sai dai magana ce ta baki, ba a mai da ita cikakkiyar doka a rubuce ba, kuma ba ta bambanta tsakanin babban mai ƙasa da ƙaramin manomi ba. To, wa ke ba da aron gona a ƙauye? Ba sarki kaɗai ba. Akwai tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, akwai marayun da ba su isa noma ba, akwai kuma mu 'yan ci-rani, da kan bar gona a hannun maƙwabci mu tafi Gana ko Legas shekara uku ko biyar. Wasu sun dawo sun tarar wanda sunka ba amana ya riƙe, yana kafa hujja da jawabin shugaban ƙasa. Daga nan mutane sunka shiga tsoron ba da aro. Mai gona ya gwammace ya watsa iri sama-sama a filin da ba zai iya nomewa ba, don dai kada a ce ba kowa a kai. Hutun gona ya ragu, ƙasa ta ƙara gajiya. Masu aro kuma sunka daina kai damin nan na shaida, tunda kai shi yana nufin ka yarda gonar ba taka ba ce.

Mu a ganinmu maganar ta yi wa dubban gidaje rana, mutanen da ba don ita ba da har yau ba su da inda za su ce nasu ne. Ta kuma shuka husumar da ba ta tsiro sosai ba sai bayan rasuwarsa, lokacin da tsoro ya kau, jikokin masu ƙasa sunka taso neman abin kakanninsu. Shi kansa ya ga alamar haka, domin a 1986 anka naɗa kwamitin da zai tsara dokar filayen karkara. Dokar ba ta fito ba sai a watan Maris 1993. Ita ce ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, ta kuma kafa kwamitocin filaye, masu ba da shaidar saye da ta gado da ta kyauta da ta aro da ta jingina. Muna tunatar da 'yan uwa da ke waje, duk wanda ya bar gona a hannun wani, ko ɗan uwansa ne ciki ɗaya, ya sa a rubuta takardar aro gaban mai gari da shaidu. Masu noman gonar wani su ma takardar kariya ce gare su, don ba a tashinsu tsakiyar damina.

Sa'ar da Kunce ya yi ita ce kuɗin yuraniyom. An fara haƙo shi a Arlit a 1971, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo bayan 1974, a 1978 kuma anka buɗe mahaƙa ta biyu a Akuta. Da wannan kuɗi anka yi hanyar Tawa zuwa Arlit, anka gina makarantu da ɗakunan shan magani, anka haƙa rijiyoyi. Da shi ne kuma, a ƙarshen shekarun 1970, anka ɗauke wa talaka babban harajin kai, wanda tun zamanin Nasara shi ne ke korar samari zuwa ci-rani da zarar an gama girbi. Dattawa sun san abin da ake nufi da a sai da akuyar mace don a fanshi maigida daga hannun dogari. Harajin gunduma ya rage, amma nauyin ya sauka ƙwarai.

A fannin noma burinsa guda ne, ƙasa ta ci da kanta. Gyaɗa, wadda a da ita ce ke kawo wa Nijar kuɗi, ciwo ya kashe ta a 1975, ba ta sake komawa yadda take ba, wake ya maye gurbinta, kasuwarsa kuwa Najeriya. An kafa cibiyar binciken noma ta INRAN a 1975, da ofishin ONAHA mai kula da gonakin ban-ruwa a 1978. A bakin kogi anka yi ta gyara fadamu ana ɗaure su da ganuwa ana sa injin jan ruwa, don a noma shinkafa sau biyu a shekara. Namu rabon shi ne gonakin Tara, waɗanda ƙungiyar Africare ta Amurka ta taimaka anka yi a shekarun nan, da gandun lemu da mangwaro na Gaya. An kuma buɗe cibiyoyin horo inda ake ɗaukar saurayi da matarsa su yi damina guda suna koyon noman shanu da sa takin zamani da shuka a layi, su koma gida da shanu biyu da garma da amalanke, duka bashi.

Bashin nan shi ya zama ƙashin kifi. An tsara abin ne a ofis bisa zaton kowace shekara ruwa zai zo daidai. In damina ta ƙi, taki ya ƙone shuka, ga bashi na jiran mutum. Da yawa sun sai da shanun, sun riƙe amalanken, don ita ce ke kawo kuɗi ranar kasuwa. Bankin ba manoma bashi ya durƙushe a shekarun 1980. Abin yabo a nan shi ne gwamnatin ba ta ɓoye ba. A taron da anka yi a Damagaram a watan Nuwamba 1982, ma'aikatanta da kansu sunka faɗa cewa manyan ayyukan nan sun ci kuɗi da yawa, amfaninsu kaɗan, saboda ba a tambayi manomi ba. Haka nan maganar sayen hatsi. Ofishin OPVN, wanda anka kafa tun 1970, shi ke sayen hatsi a farashin gwamnati ya ajiye don ranar wuya, kuma akwai shekarun da anka taƙaita wa 'yan kasuwa saye da fitarwa. Ajiyar ta yi amfani. Amma manomin da ke da Kamba a bayan gidansa, yana ganin farashin can ya fi, a ce masa sai ya sayar a nan, ba ya jin daɗi, kuma ba duka ne sunka bi ba. Jakuna sun san hanyar dare.

Da ya hana jam'iyya, sai ya nemi abin da zai tara jama'a da shi, ya farfaɗo da samariya. Kowane gari da sarkin samari da magajiya da muƙamai iri-iri. Samariya ta yi gayya ta gina azuzuwa, ta share gari, ta noma gonar taimako, ta yi wasanni da kokawa. A kanta da kan ƙungiyoyin manoma ya so ya gina tsarin da ya kira al'ummar raya ƙasa, majalisa tun daga ƙauye har sama, anka kafa ta ƙasa a 1983. Waɗanda sunka yi samartaka a lokacin suna tuna shi da daɗi. Amma kowa ya san samariya kunnen gwamnati ce kuma, in babban baƙo zai zo dole a fito a jeru a rana, ko mutum na da aiki a gona.

Ba za mu ba da tarihin nan mu tsallake tsoro ba. Kunce kan faɗo ofis da sassafe ba sanarwa, ma'aikacin da bai iso ba ya gamu da fushinsa. Wanda ya ci kuɗin gwamnati, ko ɗan wane ne, yana iya kwana a kurkuku. Talakawa sun so wannan. Amma hannun da ya kama ɓarawo shi ne ya kama mai faɗin ra'ayinsa. Akwai 'yan sandan ciki da ake kira Kordinasiyo, mutum ba ya sakin baki a tasha ko a mashaya don bai san wa ke saurare ba. A 1975 anka kama mataimakinsa, Kwamandan Sani Suna Sido, bisa zargin shirya juyin mulki, ya mutu a tsare. Tare da shi anka kama Jibo Bakari na Sawaba, wanda bai daɗe da dawowa daga gudun hijira ba. A watan Maris 1976 Kwamandan Musa Bayere da wasu sunka gwada juyin mulki, bai yi ba, anka yanke musu hukuncin kisa, anka harbe shi da wasu daga cikinsu. Jori Hamani ya yi shekara shida a kurkuku, daga 1980 anka mai da shi ɗaurin talala. An kai mutane Dawo Timmi, can ƙuryar hamada, inda ko ba gini ba mai iya gudu. A watan Oktoba 1983, yana taro a Faransa, na hannun damansa Amadu Umaru Bonkano, wanda shi ne ke riƙe da harkar tsaron cikin, ya nemi kifar da shi, abin ya watse, Bonkano ya tsere. Gidajen da sunka rasa mutum a wannan zamani suna da hakkin a ambaci nasu, kamar yadda masu cin tuwon 1974 ke da hakkin yabo.

Shekarun ƙarshe sun zo da wuya, mu mutanen iyaka kuwa a kanmu ta fi sauka. Farashin yuraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, bashin waje ya taru, a 1983 gwamnati ta shiga yarjejeniya da asusun ba da lamuni na duniya, anka fara tsuke bakin aljihu. A watan Janairu na 1983 ɗin gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takarda daga Najeriya. 'Yan uwanmu masu gadi da ga-ruwa da dako a Legas da Ibadan sunka dawo a cunkushe cikin motoci, wasu da tabarma kaɗai. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa ta canja takardun naira, wanda ke da tsohuwar naira a wannan gefe ya wayi gari da takardar banza. A 1985 anka sake wata korar. Iyakar ba ta buɗe ba sai a watan Maris 1986, zamanin Babangida. Ana cikin haka damina ta 1984 ta ƙi gaba ɗaya, har ta fi ta 1973 muni a wurare da yawa. Shi ya sa a ƙasar Hausa ta Nijar anka sa wa yunwar suna El-Buhari, don ta zo daidai lokacin da ƙofar da aka saba bi a nemo abinci take rufe.

A nan ne anka ga bambancin wanda ya san yunwa. Bai jira ba, bai kuma ɓoye ba. Tun kafin kaka gwamnati ta faɗi yawan giɓin ta nemi taimako, a watan Disamba 1984 shi da kansa ya je Amurka ya gana da shugaba Regan. Gadar Gaya, wadda anka gina tun 1958, ta sake zama maƙogwaron ƙasa, motocin masara da dawa na hayewa dare da rana. Sannan ya yi kira a koma noman rani. Duk inda ruwa ke kusa, bakin tafki ko kwari ko fadama, anka haƙa rijiyoyi anka raba irin kabeji da salati da tumatir da dankalin turawa da rogo, anka tsugunar da waɗanda sunka rasa dabbobinsu. Mu a Dallol Mawuri da Foga mun san lambu da rake tun da, amma a wurare da yawa na Nijar daga wannan shekara ne lambun rani ya zauna. An wahala, dukiya ta hallaka, sai dai ba a ga irin watsewar 1973 ba.

Itace ma yana cikin damuwarsa. Tun 1975 anka mai da ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yanci, ta zama ranar dashen itace, a watan Mayu 1984 kuma anka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Sai dai dokar daji ta lokacin ta sa itatuwa irin su gawo da giginya a hannun gwamnati, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. A ƙasarmu ta giginya wannan ya zama abin takaici: kai ka ga tsironta, kai ka kewaye ta da garma, ranar da ta isa yin azara kuma sai mai takardar izini daga birni ya zo ya sare. Manomi da ya san itacen ba nasa ba ne, yakan cire shi tun yana ƙarami. Sai a shekarun 1990 anka fara ba garuruwa hannu a kula da giginyarsu da cin amfaninta.

Tun 1983 ya fara sa farar hula a gaba, ya naɗa Mamman Umaru firayim minista, daga baya Hamid Algabid. A watan Yuni 1987 anka yi ƙuri'ar amincewa da wata takardar tsarin ƙasa da ya shirya. A lokacin ciwo ya riga ya kama shi. Tun ƙarshen 1986 ya fara zuwa Paris neman magani, ciwon kuwa ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Waɗanda sunka gan shi a talabijin a watannin nan sun ga yadda ya rame, yana dogara da ƙyar yana aiki. Ya rasu a wani asibitin Paris ranar 10 ga Nuwamba 1987, yana da shekara 56. Anka kawo gawarsa Yamai, daga nan anka kai shi Fandu anka rufe shi a garin da anka haife shi. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan waɗanda sunka mutu a hannun mulkinsa.

Majalisar soja ta zaɓi shugaban hafsoshi, Kanar Ali Shaibu, ya gaje shi. Shi ne ya buɗe kurkuku ya saki 'yan siyasa, ya ce waɗanda ke gudun hijira su dawo gida. Jori Hamani ya sami 'yancinsa, ya rasu a Rabat ta Maroko a 1989. A wannan shekarar ce anka buɗe babban filin wasa na Yamai da 'yan Sin sunka gina, anka sa masa sunan Janar Seyni Kunce.